Ranar da Ladidi Ta Cire Nafi'u Daga Zaure

Sau goma sha tara Ladidi ta saurari saƙon muryar nan, kuma ba farashin albasa take nema a cikinsa ba.

Kwamfuta na buɗe a kan tabarma, babi na huɗu na kundin digirinta na biyu ya tsaya cak a shafi na sittin da ɗaya tun hantsi. Ita kuwa ta manna waya a kunne kamar mai jiran sakamakon asibiti. Muryar Rahma ce, ƙawarta ta Shinkafi, tana karanto yadda kasuwa ta kwana: gero kaza, dawa kaza, albasa ta sauko. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai yana can bayan muryar. An buga ƙofar mota, ba ta kama ba, aka sake bugawa. Sannan wani namiji ya yi 'yar dariya.

A duk faɗin Zamfara mota ɗaya Ladidi ta sani da ƙofar gabanta ba ta rufuwa sai an buga sau biyu. Motar Nafi'u ce. Dariyar ma tasa ce, ko daga barci aka tashe ta za ta shaida ta.

Wato Rahma a gidan gaba take zaune.

Shekara uku ke nan da Ladidi ta buɗe wani zaure a WhatsApp, lokacin da hanyoyin Kaura, Shinkafi da Zurmi suka koma sai an yi tambaya kafin a bi. Ta sa masa suna Zauren Hanya. Da mutum tara aka fara, yanzu sun haura ɗari huɗu: direbobi, 'yan kabu-kabu, masu cin kasuwa, manoma, har da matan da ke jiran mazansu su dawo. Wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba a hanya sai ya jefa murya. Wanda ya wuce lafiya ya faɗa. Kowace safiya kuma Ladidi ta haɗa labarin hanya da na kasuwa ta karanto, tun da yawancin 'yan zauren da kunne suke karatu. Direba mai son ransa ba ya tayar da mota bai leƙa ba.

A nan Nafi'u ya ji muryarta, ya bi muryar har ƙofar gidansu a Zurmi.

A nan kuma shekara guda ta karatunta ta salwanta. Mutum ɗari huɗu ba wasa ba ne. Wannan ya yi tambaya, waɗancan su yi faɗa a raba, wani ya jefo labarin ƙarya a bi diddigi. Abokan karatunta suka kare kundinsu suka watse, ita tana babi na biyu. Farfesar da ke duba aikinta a Gusau mace ce mai haƙuri, amma haƙurin ya kai maƙura. Ta ce ƙarin lokacin da aka ba ta shi ne na ƙarshe.

Da magabatan Nafi'u suka je neman aure, Malam Namadi, mahaifin Ladidi, bai kore su ba, bai kuma karɓi goronsu ba. Ya sa aka kira yaran biyu gaban dattawa.

"Ba direbancinai na ƙi ba," in ji shi. "Wayar ga na ƙi. Ta ci miki shekara guda, ba ta cin ta biyu ina raye. Daga yau ba kira, ba saƙo, ba aike tsakaninku, sai ranar da kinka aje kundin ga gaban malamanki. In kunka cika, na ba shi. Wanda duk ya saɓa, magana ta mutu."

Nafi'u ya rantse kansa a sunkuye. Ladidi ta rantse tana kuka. Malam Namadi bai ambaci sunan kowa ba, amma ba wanda bai san abin da ke jira a bayan mutuwar maganar ba. Ƙanwarsa Gwaggo Ummi, wadda Ladidi ke zaune a gidanta a Kaura, ta daɗe tana yi wa ɗanta Muhtari sha'awar yarinyar.

Ranar da Ladidi ta dawo daga Zurmi ta damƙa wa Rahma karatun safe. Ta ba ta murya dai, ba ta ba ta makulli ba. Ikon shigar da mutum zauren da fitar da shi yana hannun Ladidi ita kaɗai. In za a faɗi gaskiya, ko a lokacin zuciyarta ba ta saki duka ba. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta riƙa leƙa zauren ba sai ranar Juma'a, ta kuwa yi mako biyu cur a kan haka, wanda a wurin Ladidi ba ƙaramin jihadi ba ne.

Daga nan ta fara satar leƙe. Ai rantsuwa ba ta hana ta jin muryar Nafi'u yana gaya wa mutum ɗari huɗu cewa ya wuce lafiya ba. Tana jin wannan sai ta samu ƙarfin rubuta shafi uku.

Sai ta lura da wani abu. Duk safiyar da Rahma ta gama karatu, Nafi'u ne na farkon amsawa: "Allah shi biya Malama." Da waɗannan kalmomin ya fara da ita Ladidi. Ashe addu'ar ba tata ba ce, ta duk wadda ta riƙe karatun safe ce. Tun daga ranar shafi uku ya koma ɗaya, ɗaya ya koma rabi. Yau Laraba, ga shi an kai ga ƙofar mota, gobe Alhamis da ƙarfe huɗu kuma wa'adin Farfesa ke cika na tura babi na huɗu.

Bayan la'asar Muhtari ya shigo da takardun da ya gyara mata. Malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare, kullum hularsa a karye, takalminsa a goge. Da yake taubashinta ne, ɗan mace da 'yar namiji, al'ada ta ba shi lasin ya faɗi duk abin da ya ga dama a ce wasa ne. Shi kuwa ya iya cusa allura a cikin wasa.

Ya ajiye takardun, ya dubi fuskarta, ya dubi wayar da ke hannunta.

"Matata, ashe kin ba da aron direbanki ba ki gaya mani ba? Shekaranjiya na gan shi tashar Zurmi, an yi mishi sabuwar kamasho gidan gaba. Har gyaɗa suke ci leda guda."

Ladidi ta ce ina ruwanta, motar haya ce, kowa ya biya ya shiga. Muhtari ya ce haka ne, sai dai shi bai taɓa ganin fasinjar da direba ke zagayowa ya rufe mata ƙofa da kansa ba. Ya yi dariya, ya ce shi dai yana nan, ba ya zuwa ko'ina, babur ɗinsa ma wurin zaman mutum ɗaya gare shi a baya. Gwaggo Ummi tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ce masa ya bar yarinya ta yi karatu. Amma murmushi take yi.

Yana fita Ladidi ta ja labule.

Kishi ya taso mata tun daga ciki har ta ji ɗacinsa a baki. Ita ce ke ƙone idonta a kan kwamfuta don a ba shi ita. Ita ce ta haƙura da zauren da ta raina tun yana mutum tara. Ita aka ɗaure wa baki, su kuwa suna yawo daga Zurmi zuwa Shinkafi suna cin gyaɗa. Ba ta da ikon kiransa ta tambaye shi, ba ta da ikon aika masa ko da zagi. Abu ɗaya ne kawai ya rage a hannunta.

Ta buɗe jerin sunayen 'yan zaure, ta gangara har kan nasa, ta danna a cire shi. Wayar ma sai da ta tambaye ta ko ta tabbata.

Ta tabbata.

In ya so gobe ya nemi inda zai ce Allah shi biya Malama. Ta jefar da wayar a kan katifa, ta ja kwamfuta, ta rubuta shafi biyar a zama ɗaya don tsabar haushi.

Kafin magariba saƙonni sun binne abin. Mutum biyu ne suka tambaya, ba ta amsa ba, suka ɗauka wayarsa ce ta samu matsala. Rahma ta turo mata saƙo har huɗu a keɓe. Ladidi ta ga sunan, ta taɓe baki, ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Ladidi ta san tsarin Nafi'u kamar tafin hannunta: da sassafe ya kai 'yan kasuwa, wajen ƙarfe uku ya lodo buhuna da mutane ya kamo hanyar Kaura don ya iso da sauran rana. Ba ta yi niyyar tuna shi ba. Tun asuba take kan babi na huɗu, saura jadawali biyu ta gyara ta tura. Amma wayar na gefen gwiwarta, zauren a buɗe, don tana son ta ga yadda Rahma za ta yi da rashin mai amsa mata.

Ƙarfe uku da minti ashirin murya ta shigo daga Hammadu, wani ɗan kabu-kabu da bai taɓa jefo ƙarya a zauren ba. Yana haki. Ya ce duk wanda ke Shinkafi kada ya taso, duk wanda ya taso ya juya. 'Yan bindiga sun fito Kwanar Tsamiya a kan babura, sun gitta icce a hanya, shi ma ta cikin dawa ya sha.

Nan da nan zauren ya kama. Wannan ya ce ya juya, wancan ya ce ya tsaya. Ladidi tana bin sunayen direbobin da ido ɗaya bayan ɗaya, tana jiran ta ga nasa ya ce ya ji.

Sai ta tuna.

Nan take ta mayar da Nafi'u zauren, ta sake tura muryar Hammadu, ta duba waɗanda saƙon ya isa gare su. Babu shi. Nafi'u ba ya kunna data sai don zauren, kuma tun jiya aka nuna masa ƙofa.

Ta kira Maigari, kamashon tashar Shinkafi. Cikin hayaniya ya ce mata Nafi'u ya ɗaga tun ɗazu da mutum tara, ai ya ɗauka ya ga gargaɗin kamar kowa. Kafin ta ce ya kira shi sabis ya ɗauke. Ta sake bugawa, bai shiga ba.

Kukan da ta fasa ne ya shigo da Gwaggo Ummi ɗakin, hannunta duk gari. Cikin shessheƙa Ladidi ta gaya mata komai, har da abin da ta yi jiya bayan fitar Muhtari. Gwaggo ta ga lambar Nafi'u a kan fuskar wayar, ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ladidi, tsaya. In kinka danna lambar ga kin kashe aurenki da hannunki. Ni kau ba ni ɓoye ma Yaya, kin sani, amana ya ba ni."

"Gwaggo, ni na cire shi. Ni na toshe mishi kunne."

"A nemi wani shi kira. Kawo lambar in kira da tawa."

"Ba shi ɗaukar baƙuwar lamba in yana tuƙi. Gwaggo, minti nawa na daga Shinkafi zuwa Kwanar Tsamiya? Da mutum tara a motar."

Gwaggo Ummi ta dube ta. Idonta ita ma ya kawo ruwa.

"Ni ka son ki auri Muhtari, ban ɓoye ba. Amma wallahi ba ta wagga hanya nike so ba, ɗiyata."

Ladidi ta zare hannunta a hankali.

"Allah ka bar shi da rai," ta ce, hawaye na ɗiga a kan wayar, "ko da wata za shi aura."

Ta danna.

Ya shiga. Ya yi ƙara ɗaya, biyu, uku, aka katse. Ba sabis ne ya ɗauke ba, hannu ne ya katse. Ta sake kira, aka sake katsewa. Yana ganin sunanta, yana kuma tuna dattawa bakwai da ya rantse a gabansu. Wannan riƙon alkawarin shi ne abin da ta fi so a halinsa, ga shi yau zai kai shi Kwanar Tsamiya. Ta rubuta masa saƙo, ta san ba zai buɗe ba. Ta ci gaba da kira tana roƙonsa da baki kamar yana jin ta, tana ce masa ya ɗauka ko don fasinjojin, ya ɗauka ya zage ta ma ta yarda. Gwaggo tana tsaye tana ƙirgawa ba da son ranta ba. A na goma sha ɗaya wayar ta ce a kashe take.

Ladidi ta zube a kan tabarma. Lamba ɗaya ce ta rage mata a Shinkafi, wadda ta fi ƙi a duniya tun jiya. Ta kira Rahma.

"Rahma, don girman Allah, Nafi'u..."

"Shina nan," in ji Rahma. Muryarta a kwance take, irin ta karatun safe. "Shina lahiya, shi da mutanenai duka."

Ladidi ta kifa goshinta a ƙasa, ta ma rasa bakin yin hamdala sai kuka. Rahma ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ba ta labari. Tun jiya take tura mata saƙo tana cewa ta mayar da shi, gobe ranar kasuwa ce. Da ta ji muryar Hammadu shi ta fara tunawa, don ta san duk direbobin nan shi kaɗai ne ba zai ji ba. Ya riga ya fita gari ta kira shi.

"Bugu guda ya ɗauka," in ji ta.

Ya juyo, ya sauke mutane a tasha. Baban Rahma ya ce ya kawo motar ƙofar gidansu ya kwana a zaurensu, tun da hanya ba ta biyuwa yau. Yanzu haka ta shimfiɗa masa tabarma.

Hamdalar ba ta gama sauka a zuciyar Ladidi ba kishin ya dawo, ya fi na jiya nauyi. Da hannunta ta tuƙa shi har ƙofar gidan su Rahma.

"Rahma, tsakaninki da Allah. Kina son shi?"

Rahma ta amsa a hankali.

"Ban taɓa ce mishi komi ba, shi ma bai ce mani ba. Duk tahiyar da munka yi zancenki yake har in gaji. Amma tun da kin tambaya da Allah, ba ni yi miki ƙarya. Ni dai ban taɓa cire shi daga ko'ina ba, Ladidi. In kinka yar, ba ni bari shi taɓa ƙasa."

"Kai mishi wayar."

"Kin tabbata?"

"Na riga na saɓa. Kai mishi, kalma guda zan hwaɗi."

Ta ji takun Rahma, ta ji ƙarar ƙyaure, ta ji yadda muryar ta yi laushi da ta ce, "Ladidi ta, tana son magana da kai." Ladidi ta shirya haƙurin da za ta ba shi, ta shirya ta ce kishi ne, ta shirya ta ce ita ma ba ta san tana son shi haka ba.

Muryarsa ta zo daga nesa, a dushe, ba da ita yake ba.

"Rahma, ki yi haƙuri ki janye wayar ga. Na rantse gaban Baba. Ko aike ba ni yi."

Aka buɗe murfin kwano. Rahma ta ce masa ya ci kada ya huce. Sannan layin ya mutu.

Ladidi ta ɗaga kai. Agogon kwamfuta ya nuna huɗu da minti shida, babi na huɗu na nan a buɗe da jadawalinsa biyu. Shi ya cika alkawari, ita ta saɓa sau goma sha ɗaya a gaban shaida.

Gwaggo Ummi ta durƙusa, ta share mata fuska da gefen zanenta, garin hannunta ya shafe ta a kumatu.

"Ke kinka roƙa da bakinki, ɗiyata, shi rayu ko da wata za shi aura. To, ga rabin addu'ar an amsa."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta fita neman wayarta don ta kira Zurmi.